Rabin Irin Geron Inna

Shekarar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Zugu, Inna ba ta fito da komai ba sai zanen jikinta da ƙwarya guda ta irin gero. Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gummi, sai ta dawo wurina. Wani dattijo a unguwarmu ya ara mata gona a bayan gari. Aron gona kuwa kowa ya san dokarsa: inda ka shuka kana nan riƙe da shi, inda ka bari a banza mai gona ya ba wani.

Ana cikin bazara, Inna na shirin binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa a jira ruwan fari, sai na ji wani shiri a rediyo a teburin mai shayi. Manyan ƙasashe na ta yi wa juna barazana da makamin nukiliya. Wani masani ya ce idan suka kuskura suka harba, ba waɗanda aka jefa wa kaɗai za su ji a jikinsu ba. Hayaƙin biranen da suka ƙone zai tsaya a sama ya tare rana shekara da shekaru, duniya ta yi sanyi, damina ta ja baya, hatsi ya ƙi nuna har a ƙasashen da ba su san ana faɗa ba. Ban iya shanye shayin nan ba.

Haushin da na ji ranar har yau bai sake ni ba. Wasu ƙattai masu ƙoshi, waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba, su ɓata da juna a can ƙasarsu, tuwo ya yanke a Gummi. Daji an riga an ƙwace mana. Rana ce kaɗai ta rage da ba mu biya wa kowa haraji a kanta, ashe ita ma tana hannun wani.

Da wannan zafin na isa gida na zazzage wa Inna labarin, har da ƙarin gishiri. Ta ajiye faifan da ke hannunta.

"Mi munka yi musu?"

"Ba su ma san da mu ba, Inna."

"To shi wanda ka rufe rana, mi za shi ci?"

Sai na kawo shawara, ni malami. Na ce ta binne rabin irin ta ɓoye rabi, don in rana ta rufe, na ƙasa ya tafi ke nan, amma irin gidanmu ba zai ƙare ba. Inna tana shuka tun ban zo duniya ba, kuma ba ta taɓa jin maganar ɗan boko a kan gona ba. Na zaci za ta kore ni da muciya. Sai ta ce, "Da anka ce za su shigo garinmu ban yarda ba, ga ni gidanka." Ta raba irin biyu, ta zuba rabi a tukunya ta liƙe bakin da laka. Na ce in sayo na kasuwa a cike gonar, ta ce ba ta zuba geron da ba ta san uwarsa ba.

Ba a harba komai ba. Ruwa ya sauka a kan kari, damina ta yi kyau, geron Inna ya fi ni tsawo, a rabin gona. Ɗaya rabin ciyawa ta cinye. Bayan girbi dattijon ya zo har gida, ya gaishe ta da ladabi, ya ce wani da ya gudo daga Gwashi da iyali masu yawa na neman wurin shuka. Ba ta yi musu ba, ta san doka. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma nawa a wuyan Inna ya ɗaure. Su kuwa masu makamin sun ci mana rabin gona ba tare da sun ɓata ko harsashi ɗaya ba, kuma na tabbata sun yi barcinsu lafiya.

Da bazara ta zagayo Inna ta fasa lakar. Irin na nan garas, ko ƙwaro bai taɓa shi ba, sai dai na girbin bana ya ishi 'yar gonar da ta rage, babu inda za a zuba shi. A gidanmu ba a cin iri, ko a shekarar yunwa. Washegari na ji daka. Ta dama kunu, ta kawo mini da kanta, ta tsaya a kaina.

"Sha," in ji ta. "Shukarka ce."