Ɗamarar Sajen Tarai

Dukanci na gada, amma tara tsofaffin kayan soja ni na ɗora wa kaina. A bangon rumfata da ke Rano akwai ɗamarun harsashi da jakunkunan albarushi da kuben banati, wato wuƙar bakin bindiga, waɗanda na bi gidaje na saya daga hannun magada, tun daga Rurum har Nariya. Fatar Turawa daban take da tamu. Kauri gare ta, ba a yi mata jan karan dafi, kuma idan ta bushe ba a jiƙa ta da ruwa. Man shanu ake shafa mata kaɗan-kaɗan a inuwa har ta saki.

Wadda ta fi duka kyau ba a bangona take ba. Tana kafaɗar wani tsohon soja na Tarai, wanda kowa ke kira Saje. Ya yi yaƙin Turawa a ƙetaren teku, ya dawo ko ƙwarzane babu. Ɗamara ce ta ratayawa, mai aljihu biyar a jere da maɓallan tagulla. Ko masallaci za shi, tana ƙarƙashin riga. Na sha tayawa, ya ce in je in nemi tawa a bakin daga.

Da idanunsa suka tafi, wata ranar kasuwa ɗansa ya goyo shi a keke zuwa rumfata, saboda ɗinkin maɗaurin ya saki.

"Baduku, ga amana," in ji Saje. "Zare kawai za ka sa. Kada ka yi mata kwalliyar nan taku ta jakar amarya."

"Saje, ko Baturen da ya ba ka ita ya gani, sai ya sara maka."

Ya yi dariya, ya cire ta da kansa ya miƙo.

A wajenmu akwai abin da maharba suka yarda da shi: fatar da ta shiga yaƙi ta fito da mai ita lafiya, idan aka rufe laya da ita, ƙarfe ba ya cin mai layar. A shekarar nan ɓarayin shanu sun dami rugage, an kafa sintiri, kowa na neman abin ɗaurawa a damtse. Kafin la'asar labari ya zaga. Shugaban maharba ya zo da kansa ya zauna a kan buzuna. Bai roƙe ni ba, shafa aljihunan kawai yake yi yana kallona.

Na fara da aljihun gefe, na yanke shi na rufe layu. Na ce a raina zan ɗinka wani a madadinsa, makaho ba zai gane ba. Wanda bai samu ba ya zo, ya turo ɗan'uwansa. Kafin kasuwa ta zagayo, saura maɗauri tsirara a hannuna.

Sai na ɗinka sabuwa gaba ɗaya. Na nemo fatar sa mai kauri, na murje ta da toka da mai, na rataye ta a saman murhu ta sha hayaƙi, na mayar mata da maɓallan tagulla na ainihi. Ban taɓa yin aiki mai kyanta ba. A jikin tsohon maɗaurin, daidai kafaɗa, na ga wasu 'yan ramuka a jere. Na ɗauka ɓera ne ya taɓa, ban kwaikwaye su ba.

Ranar da suka dawo rumfar cike take, yawanci 'yan sintiri ne, kowa da layarsa a ƙarƙashin hannun riga. Saje ya karɓa ya yi bismillah, ya bi aljihunan da yatsa. Da babban yatsansa ya iso kafaɗa sai ya tsaya. Ya koma, ya sake bi.

"Baduku, ina haƙoran?"

"Waɗanne haƙora, Saje?"

"Na mutumin Kibiya da na goyo daga daji. Nan ya ciza har ransa ya fita a bayana."

Na riga kowa magana.

"Ai ɓera ne ya ci wurin, Saje. Na goge maka."

Wani daga baya ya ce, "Ɓeran kofur ne ko shi ma saje ne?" Aka fashe da dariya. Waɗanda fatarsa ke ɗaure a damtsensu su suka fi kowa ɗaga murya.

"Wannan ba tawa ba ce," in ji Saje. Ya shinshina ta. "Hayaƙin murhu ne wannan. Ba tawa ba ce!"

Shugaban maharba ya girgiza kai. "Tsufa ke nan. Allah ya sa mu cika da imani."

Ɗan Saje ya kama hannun uban. "Baba, mutane na kallo. Ga maɓallanka nan, taɓa ka ji." Ya juyo gare ni. "Malam, ka yi haƙuri, kwanan nan haka yake."

Ya ɗora shi a keke da ƙyar, tsohon yana ta waiwayowa wajen da yake jin muryata.

Daga ranar nan duk wanda ya je gaishe shi sai ya faɗa masa an musanya masa ɗamara. Babu wanda ya yarda. Yaran Tarai suka riƙa yi masa kukan ɓera idan ya zauna a ƙofar gida. Wata rana ya ɗauki sanda ya kamo hanyar Rano shi kaɗai, aka tsince shi cikin gonar gero yana laluben kunya. Bayan nan suka sa wa ɗakinsa sakata ta waje. Bai kai kaka ba.

Bayan sadakar bakwai ɗan ya zo da ɗamarar a naɗe cikin tsumma.

"Baba ya bar wasiyya a mayar maka da kayanka. Bai sake rataya ta ba. Ka yafe masa, Malam, ba ya cikin hankalinsa."

Na ce na yafe.

Tana nan a bangona har yau, kuma duk baƙon da ya shigo ita yake fara nunawa. Tsohon maɗaurin yana ƙarƙashin buzun da nake zama. Yanzu nawa idanun ma sun fara tafiya, amma yatsana ba ya ɓatan wurin. Haƙoran mutum ne, na sama da na ƙasa.