Lilon Agwagi

Kwanakin baya ina zaune a tsakar gida bayan la'asar, ƙaramar 'yata tana kallon katun a wayar mahaifiyarta, sai na ji sarewa ta ratso ta cikin hayaniyar. Ba ta daɗe ba ganguna suka taso suka danne ta, amma ta riga ta same ni. Na ƙura wa bango ido, har mai ɗakina ta tambaye ni ko lafiya.

Bari in gaya maka tun da wuri, ni mutum ne mai son kiɗan katun, kuma furfurar da ta fara fito mini ba ta hana ni faɗa ba. Abokaina sukan yi mini dariya a majalisa idan na fara. Ba na ganin laifinsu, domin ba su san inda abin ya samo asali ba.

A Rano aka haife ni, a wani gidan ƙasa da ke kusa da gindin dutse. Baba manomi ne, gonarsa tana kan hanyar Zurgu, kuma mutum ne mai yawan zama wurin malamai, ba ya son wasa. Inna 'yar Kibiya ce. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, sai dai ta ce “kai” ko “wannan yaron”. Daga ni sai ƙanwata, wadda aka haifa da ciwon da yanzu ake cewa sikila, a lokacin kuwa amosanin jini muka san shi. Siririya ce, farin idonta kullum da ɗan rawaya-rawaya, ga surutu kamar me idan tana da lafiya. Amma da zarar damina ta kankama, ƙasa ta jiƙe, ɗakuna suka ɗauki sanyi, sai ƙasusuwanta su tashi. Takan kwana ta wuni tana kuka, Inna tana gasa mata gwiwoyi da tsumma da ruwan ɗumi. Har yau idan na ji warin man zafi ya haɗu da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, muryarta nake ji.

Kawu, ƙanin Inna, direba ne, yana jan bas tsakanin Kibiya da Rano da Birni, kuma yana da ɗaki a bayan layinmu. Shi ya fara kawo talabijin da bidiyo da ɗan janareto unguwarmu. A cikin kwalin kaset-kaset ɗin da ya zo da su akwai wani da ba shi da bango, ba rubutu a jikinsa. Ranar wata Juma'a ya saka don ya ga mene ne, sai ga zane yana motsi. Labarin wani ɗan shamuwa ne da fiffikensa bai yi ƙwari ba, lokacin tafiya ya yi, 'yan'uwansa suka tashi suka bar shi a kan bishiya. Maganar da ake yi a ciki kaɗan ce, kuma ba wanda ya gane yaren. Kawu ya ce Larabci ne, wani ɗalibin Islamiyya ya saurara ya ce ba shi ba ne. Mu dai muka sa masa suna fim ɗin shamuwa.

Baba bai so zuwanmu ɗakin Kawu ba. Ya ce ga zanen mai rai, ga kiɗa, me ya rage? Kaka, wato mahaifiyarsa, ita ta tare maganar. Ta ce ita za ta riƙa raka mu, in ta ji abin da bai dace ba da kanta za ta kore mu gida. Ka san kuwa idanun Kaka sun riga sun yi yana, hasken rana kawai take bambancewa da inuwa. Haka muke riƙo sandarta mu tafi, a shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa, ta zauna ta karkata kai.

A wurinta na koyi sauraro. Mu muna kallo, ita tana ji, amma sau da yawa takan riga mu sanin abin da zai faru.

“Wannan sarewar ta tsuntsun ce,” in ji ta wata rana. “Duk inda ya sa ƙafa tana biye da shi. To ga shi ta yi ƙasa. An tafi an bar shi ko?”

Muka ce e, an tafi. Ta gyaɗa kai.

Akwai inda ɗan shamuwar yake ɗaga kai ya dubi sama, ba kowa, sai gajimare. A nan kiɗan yakan tsaya cak, ba abin da kake ji sai iska da ƙugin janareton Kawu. Kaka ta ce wanda ya yi wannan kiɗan ya taɓa rasa wani nasa, shi ya sa ya san inda ake yin shiru. Ban gane ba a lokacin. Abin da na gane shi ne, ƙanwata ba ta kuka muddin sarewar nan tana tashi, ko da kuwa ranar ƙafarta na ciwo. Takan kwantar da kai a cinyar Kaka tana bin sautin da hanci, har ta haddace shi kaf.

Wata ƙaramar salla da ta faɗo cikin bazara, Kawu ya ce zai kai mu wurin wasan yara a Birni. Baba ya ce ni in je, amma ban da yarinya: ga zafi, ga nisa, ga girgizar mota. Ba ƙeta ba ce, tsoro ne, yanzu na san haka. Inna kuwa sai na ga ta ciro kayan sallar ƙanwata ta goge da dutsen guga ta ninke a kan gado. Kaka ta aika aka kira mata Baba.

“Kullum a ɗaki take, ciwon bai fasa zuwa ba,” ta ce masa. “Ka bar ta ta ga duniya.”

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, “To, Iya.”

Inna ba ta je ba. Matan aure a gidanmu ba sa irin wannan fita, ga kuma baƙin salla. Ta rako mu soro, ta gyara wa ƙanwata ɗankwali, ta ce mata ta buɗe ido da kyau don ta zo ta ba ta labari.

Abin da na fara gani a wurin shi ne inuwa. Manyan itatuwan darbejiya ne suka rufe shi, ga ciyawa kore shar a tsakiyar bazara, abin da ban taɓa gani ba sai a fadama. Akwai ɗan tafki, akwai ƙaramin jirgin ƙasa da ke zagaya shi, akwai masu ƙanƙara mai zaƙi da ke rina harshe ja. Na hau lilon da ke cilla mutum sama. Ƙanwata kuwa Kawu bai bar ta ta hau komai ba, yana ɗauke da ita a kafaɗa, har muka iso wata rumfar kwano a can ƙarshen fili.

A ƙarƙashinta agwagin katako ne, an shafa musu fenti ruwan ɗorawa, kowace da ɗan wurin zama a bayanta, suna zagayawa a hankali. A jikin ginshiƙin tsakiya an ɗaure wata ƙaramar lasifika, sarewa tana fita daga cikinta. Ba irin ta fim ɗinmu ba ce sak, amma kamar uwa ɗaya ta haife su. Ƙanwata ta ƙanƙame kan Kawu ta ce kiɗan shamuwa ne, a sauke ta.

Kawu ya yi wa dattijon da ke kula da lilon magana a kunne. Dattijon ya dube ta, ya rage gudun injin yadda har ni ina iya bin agwagwarta da ƙafa. Ta riƙe wuyan katakon da hannu biyu, ɗankwalinta ya zame, ba ta ko kula ba. Da aka tsaya sauran yara suka sauka, ita dattijon ya ce ta zauna abinta. Ban san sau nawa ta zagaya ba. Na dai san Kawu ya juya baya yana ta goge fuska da hularsa, yana cewa zafi ya yi yawa.

Tun daga soro ta fara ba Inna labari, kuma ba ta daina ba. Kullum labarin ƙaruwa yake: agwagin suka ƙara girma, tafkin ya zama kogi, itatuwan suka kai sama. Inna tana tankaɗe ko tana tsince shinkafa, takan ce, “Sai kuma aka yi yaya?” kamar ba ta taɓa ji ba.

Daminar shekarar ta zo da ƙarfi. Ciwon ya tashi, aka kwantar da ita a asibiti, aka sallamo ta, ya sake tashi, wannan karon har ƙirji. Ba ta iya zuwa ɗakin Kawu. Wata rana da hantsi ana yayyafi, na ga Baba ya fita ba ko lema. Jim kaɗan sai ga shi ya dawo rungume da talabijin, ya lulluɓe ta da babbar rigarsa, Kawu na biye da bidiyo da janareto. Aka haɗa a ɗakin Inna. Baba bai shiga ba. Ya zauna a kan turmi a bakin ƙofa, ya ba ɗakin baya, yana jan carbi har fim ɗin ya ƙare. Da ya ƙare ya ce wa Kawu, ba tare da ya waiwaya ba, “Mayar mata farko.”

Ta rasu kafin a yanke gero. Kaset ɗin kuma daga baya bidiyo ta cinye zarensa. Na girma na neme shi a kasuwannin Birni, na neme shi a waya, amma yaya za ka nemi abin da ba ka san sunansa ba?

Shi ya sa katun ɗin yanzu suke ba ni wahala. Zanensu ya fi kyau, ban musa ba. Amma kiɗan ba ya numfashi. Daga farko har ƙarshe duka ne, kowa waƙa yake, in ana baƙin ciki sai an faɗa maka da baki cewa ana baƙin ciki. Waɗanda aka yi wa fassarar Hausa kuwa, mai fassarar ba ya rufe baki ko na ɗan lokaci, yana surutu a kan duk abin da makaɗin ya wahala ya shirya. Nakan ce da a ce Kaka tana raye aka kunna mata, ba za ta gane wa aka bari a baya ba. Yarana sukan ce tsufa ne ya kama ni. Mai yiwuwa.

Bara na kai Inna asibitin ido a Birni. Baba ya daɗe da rasuwa, ita ma ta manyanta. Mun fito muna neman adaidaita sai ta ce, idonta a kan titi, “Kai, wurin nan na agwagi, da nisa daga nan?”

Tun rasuwar ƙanwata ban taɓa jin ta ɗauko zancen ba. Na ce babu nisa. Da na yi tunani da na ce an rufe, amma bakina ya riga ni.

Na gane ƙofar, ita kaɗai ce ba ta sauya ba. An sare itatuwan, an shafe ƙasa da siminti, rana tana dukan mutum ta sama da ta ƙasa. Inda tafkin yake an gina ɗakin taron biki. Ga wasu manyan lasifikoki a kowane lungu, kowace da waƙar da take yi, har ƙirjinka yana amsawa. Yara suna tsalle a kan wani gidan roba da aka hura da iska, wasu suna cikin ɗakin gilashi suna harbin juna a allo. Na riƙo hannun Inna muka taka har ƙarshen filin. Motoci ne aka ajiye a wurin. Na tambayi wani ma'aikaci ina aka kai lilon agwagi.

“Wallahi Alhaji, tun da na fara aiki a nan ban ga wata agwagwa ba,” in ji shi.

Inna ta daɗe a tsaye tana juya kai, hannunta a kan goshi. Sannan ta ce mu tafi. Sai da motarmu ta wuce Bunkure sannan ta dube ni.

“Ba nan ba ne,” ta ce. “Ka yi ɓatan kai. Ai yaro ne kai lokacin. Wancan akwai kogi.”

Na ce, “Haka ne, Inna.”

“In kawunka ya ji sauƙin ƙafarsa, shi zai kai ni. Shi ya san wurin.”

Ba na cewa masu wurin sun yi laifi. Yaran da na gani suna dariya da gaske suke yi, kuma babu wanda ya ajiye katako don wata tsohuwa daga Rano da ba su san da ita ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake kawar da abu ba a ko waiwaya, kamar ba wanda ya taɓa barin wani nasa a wurin. Garuruwanmu sun cika da sauti, amma na rasa inda zan kai yaro mara lafiya ya zauna a inuwa a juya shi a hankali.

A satin da muka dawo na hau babur na tafi Kibiya, inda Kawu ya koma da zama, don in riga Inna zuwa wurinsa. Na same shi a soro, ƙafarsa a miƙe a kan buzu, na gaya masa duk abin da na gani. Ya tambaye ni ko darbejiyar ma babu. Na ce ko ɗaya.

“Ka bar ni da ita,” ya ce. “Zan ce mata sai bayan damina.”

Damina ta wuce. Da aka gama girbi Inna ta aika masa, ya ce a bari sanyi ya ragu. Jiya da na shiga gaishe ta, na tarar ta sa an wanke mata mayafinta na fita, an ninke an ajiye a kan gado.