Wata Biyar Ina Nuna wa Tsoho Fuskar Ɗansa Mamaci

Ni mutumin wajen Ketare ne, ƙasar Kankara. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, waɗanda suka san labarin nan kuwa sun riga sun san ni, da baki suke nuna ni idan na wuce. Shekaruna sun haura arba'in. Na gama firamare, na taɓa sakandare aji biyu, mahaifinmu ya rasu na koma gona. Daga baya na yi kabu-kabu shekara shida, har ranar da aka tare ni a hanya aka karɓe mashin ɗin. A duk tsawon lokacin nan ban taɓa ɗaukar ko tsinken wani ba. Ina faɗar wannan ne saboda ku matasa da kuke ganin ɓarawo daga ciki ake haihuwarsa. Ƙarya ne. Sallah nake yi a sahun gaba.

Da abin da ya rage mini na sayi ƙaramin janareto da teburi da babbar waya ta hannu, na shiga sana'ar cajin waya da tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi. Ina bin kasuwanni, Kankara, Yankara, wani lokaci har Sabuwa idan hanya ta yi sauƙi. Mutanen ƙauye suna miƙo mini wayarsu kamar yadda ake miƙa wa wanzami kai, ba tambaya.

A nan aka fara. Yau in ga memori mai kyau in musanya shi da tsohon nawa. Gobe batir. Ba wanda ya gane, ni kuma na ce wa kaina wannan ba sata ba ce, ladan wahala ne.

Akwai wani abokin sana'ata a Yankara, Ɗan'azumi, rumfarsa na kallon tawa. Shi ya nuna mini naɗar fuskar waya, abin da kuke cewa sikirin rikod. Ya ja saman wayar da yatsa, ya danna wani ɗan maɓalli, ya ce, "Daga yanzu duk abin da ya gilma a gilashin nan ya zama naka, maigida. Kallo, hira, bidiyo kol, komai." Na ce to me zan yi da shi? Ya yi dariya ya ce, "Kai dai tara. Ranar amfaninsa na zuwa." Allah ya isa tsakanina da wannan dariyar. Amma kada in ɗora masa, shi maɓalli ya nuna mini, yatsan da ya danna nawa ne.

Mutane da yawa da 'ya'yansu suka tafi neman kuɗi nesa suna zuwa wurina in haɗa su bidiyo kol da wayata, su ba ni ɗan wani abu. Sai na riƙa naɗe kiran ba su sani ba. Ba don komai ba, gulma kawai da jin cewa na san abin da wasu ba su sani ba. Abu ɗaya na lura, idan ka naɗi irin wannan kiran hoto ne ke fita, murya ba ta fita. Mutum na ta motsa baki shiru.

Cikin masu zuwa akwai Malam Isiyaku, dattijo daga wani ƙauye a ƙasar Faskari. Ɗansa na fari, Haruna, ya tafi haƙar zinare can gaba da Agadas, ya bar matarsa da ƙaramin ciki. Ƙauyensu babu sabis, don haka lambata ce kawai Haruna yake da ita. Duk ranar kasuwa Malam zai zo, ya cire takalmi kamar zai shiga masallaci, ya zauna a bencina. Bai taɓa kiran sunan ɗan ba, kun san alkunyar ɗan fari. Sai dai ya ce, "Ɗana, a nemo mani yaron ga." Ni ne ɗana. Sau uku na naɗi hirarsu.

Wata ranar kasuwa da hantsi Malam ya kawo kuɗin masarar bara da ya sayar, ya ce yaron ya yi kukan ciwo a kiran baya, in san yadda zan aika masa. Na karɓa. Muka kira ba a ɗauka ba, ya tafi cefane. Ko awa ɗaya bai yi da tashi ba sai ga kira daga lambar Haruna. Wata murya ce daban. Ya ce shi abokin aikinsa ne, rami ya rufta da Haruna shekaranjiya, sun yi masa sutura a can. Ya ce, "Don Allah ka sanar da mahaifinsa, lambarka kaɗai muka gani ta gida." Na ce inna lillahi. Na ce zan faɗa.

Kuɗin suna aljihuna, janaretona kuma ya kwana biyu yana ba ni wahala. Na ce bari in gyara shi, mako mai zuwa in mayar in faɗi rasuwar gaba ɗaya. Kun ji lissafin banza. Malam ya dawo da la'asar da ƙullin gishiri a hannu, na dube shi ido cikin ido na ce saƙo ya isa.

Mako ya zagayo, kuɗi babu, bakin faɗa ma babu. Ya zauna ya ce a nemo yaron. Sai hannuna ya tafi wurin abin da na naɗa. Matsala ɗaya ce, a bidiyo kol akwai ɗan akwati a gefen sama inda mai kira ke ganin kansa, kuma a cikin abin da na naɗa Malam ne a ciki da rigar wancan makon. Sai na ɗora babban yatsana a kan wurin, na riƙe wayar da kaina, na kunna. Haruna ya bayyana yana murmushi yana motsa baki.

Malam ya matso ya ce, "Mi ya sa ban jin shi?"

Na ce, "Sabis ne, Baba. Shi yana jin ka, kai ne ba ka jin sa. Yi maganarka, zai rubuto amsa in karanta maka."

Ya yi maganarsa. Ya ba shi labarin damina, da akuyar da ta haifi biyu, da jikin matarsa. Haruna yana gyaɗa kai, wani wurin ya yi dariya. Malam ya ce, "Ka gani, ya ji ta akuyar." Da bidiyon ya kusa ƙarewa na kife wayar na ce sabis ya ɗauke. Sannan na duba gilashin da babu komai a kai na karanta masa abin da na ga dama. Malam ajami ya sani, boko bai sani ba.

Haka muka yi wata biyar. Ina juya bidiyo uku. Haruna yana ciwo, a aiko. An kama su a hanya, a aiko. Ya samu rami mai kyau amma sai ya sayi kayan aiki, a aiko. Masara ta tafi, tumaki suka bi. Wata rana Malam ya ƙura wa wayar ido ya ce, "Wai yaron ga ba shi da wasu riguna ne? Kullum waɗannan." Mako na gaba sai ga shi da sabuwar shadda ɗinkakkiya a leda, wai in ba direbobin da ke zuwa can. A Sabuwa na sayar da ita.

Da matar ta haihu, namiji, ya zo da goro ya ce a tambayi uban yaro sunan da yake so. Na ɗaga kai, idona ya faɗa kan mai shayin da ke kusa da ni, na ce, "Ya ce Lawal." Aka yanka rago, liman ya raɗa. Yau akwai yaro a ƙasar Faskari da ke amsa sunan da ɓarawo ya tsinto a teburin shayi.

Bayan suna Malam ya ce yanzu sabis yana kama ƙauyensu, in zo gida yaron ya ga ɗansa. Na fara kawo uzuri. Ya ce ya sayar da sa guda, kuɗin suna gida, in na zo sai in taho da su in aika. Jin haka na hau mashin ɗin haya na bi shi. A raina na tsara cewa matar za ta leƙo bakin zaure da jaririn, ni in riƙe wayar kamar kullum.

Muka zauna a zaure bayan azahar, aka kawo fura. Na kunna bidiyon, yatsana a wurinsa, na ce, "Ga shi ya shigo, a kira ta da sauri."

Malam ya dube ni kamar na yi saɓo. "A kira wa? Mai jego za ta hito zaure? Kai kau ba ka shiga. Kawo nan."

Ya zare wayar daga hannuna ya shige. Ni da na yi wata biyar ina ganin na fi kowa wayo, ban tuna cewa baƙo ba ya wuce zaure ba. Abin da na sani tun ina yawo ba wando.

Na ji guɗa daga ciki. Na ji tsohuwa tana cewa, "Ga ɗanka, ka gan shi, kunnenka ne sak." Sai na ji shiru. Daga baya a gaban alƙali na ji abin da ya faru. Matar Haruna ta saba riƙe wayar mijinta, ta san akwatin gefen nan mai kallo yake nunawa. Ta ce wa surukarta a hankali, "Inna, ya ba mu ne a ciki ba? Ga Baba tsaye a nan, ga shi kuma zaune a kasuwa da wata hula yana magana." Suna cikin kallo bidiyon ya ƙare, ya koma farko.

Da na so gudu da na gudu, amma na zauna a zauren. Malam ya fito, wayar a tafin hannunsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ina Haruna?" Ranar na fara jin sunan a bakinsa.

Na faɗa masa. Ya tambaye ni yaushe. Na ce tun kafin a cire masara.

Ya jingina da bango ya ce, "Ba mu yi zaman makoki ba. Ba mu yi mashi sadaka ba. Matarshi ba ta yi takaba ba, lalle ta sa ranar suna. Ni kau ina ba gawa labarin akuya."

Kukan mata ya tara jama'a. Samarin garin suka yi mini dukan da har yau kunnena na hagu ba ya ji sosai, wayar kuma suka farfasa ta da taɓarya. Ba don Malam ya tsaya a kaina ya ce kada a kashe mutum a ƙofarsa ba, da ba ni ke rubuta wannan ba. Aka miƙa ni ga hukuma, kotu ta ba ni shekara uku.

Ba zan ba ku labarin gidan yari don ku tausaya mini ba. Ƙwarƙwata ce da ƙaiƙayi da tuwon da ba ya kai wa ciki. Matata ta nemi saki ina ciki, na ba ta, tana da gaskiya. Ɗan'azumi ko sau ɗaya bai leƙo ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ko a can ɗin, da ɓarayin shanu suka ji laifina sai da ɗaya ya tofar da yawu ya matsar da tabarmarsa.

Da na fito na zaci zagi zan tarar. Na tarar da shi, kuma na cancanta. Amma abin da ban zata ba, wasu samari masu gashin baki suka same ni a tasha suna washe haƙora. Wai, "Oga, ashe kai tsohon gwani ne. Ya kake yi muryar ba ta tona ka?" Gwani! Na cinye wa tsoho masara da tumaki, na hana mamaci addu'ar iyayensa wata biyar, su abin da suka gani a ciki gwaninta ce. Na ce musu ku tashi ku ba ni wuri kafin in koma inda na fito.

Sai da na yi wata biyu kafin na iya zuwa ƙauyen. Na tarar da Malam a zauren nan, ya rame, idonsa ya fara hazo. Na durƙusa na ce gafara na zo nema, kuma duk abin da na ci zan biya da ƙwadago ko zai kai ƙarshen raina. Ya ce, "Wagga magana ta yahiya ka bar ta tukuna, ban iya yi maka ƙarya." Na ce na gode. Na yunƙura zan tashi sai ya riƙo hannun rigata, ya rage murya don kada a ji a ciki.

"Hoton nan mai motsi. Ba ka aje wani ba a wani wuri? Ko ba murya. Ina son in ƙara ganin shi shina dariya."

Babu. Yana cikin wayar da aka farfasa. Abu ɗaya da ya roƙe ni a duniya, shi ma ba ni da shi. Ya saki rigata ya ce, "To, tahi."

Yanzu dako nake yi a kasuwar hatsi ta Kankara, duk abin da na tara ina kai masa, yana karɓa. Na tuba, ina roƙon Allah, amma ban san matsayina ba.

Ku da kuke yawo da manyan wayoyi, da ku nake. Na san kuna naɗar hirar mutane ba da saninsu ba, ta budurwa, ta aboki, ta dattijon da ya ce ku taimaka masa, kuna cewa wasa ne, ajiyewa kawai kuke yi. Ni ma ajiyewa kawai na yi. Abin da ka ajiye a ɓoye yana nan yana jiran ranar da za ka matsu, kuma za ka matsu. Ku buɗe wayoyinku yau ku goge abin da ba a ba ku izini ba. Wanda bai iya karatu ba idan ya miƙo muku waya, ku karanta masa abin da ke rubuce, ko da zai sa shi kuka. Idan kuma aka ba ku saƙon mutuwa, ku ajiye duk abin da kuke yi, ku tashi a lokacin ku kai shi. Kada ku bari ya kwana.