Kujerar da Bappa Ya Ƙi

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ni tela ne, karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba haka yake ba. Amma maganar ta hana ni sakewa.

A unguwarmu ta Kumbiya-Kumbiya muna da kwari da ke cin bayan gidajenmu duk damina. Yayan mahaifina, wanda muke kira Bappa, shi ke fara shiga kwarin da buhun yashi a kafaɗa, sannan maza su bi shi. Ba wanda ya naɗa shi, amma kowa Arɗo yake ce masa. A Fulatanci ma'anarsa mai wucewa gaba.

Wata shekara wani ma'aikaci ya zo daga GRA ya ce a kafa kwamitin kwari. Jama'a suka ce Bappa ne ciyaman. Bappa yana jin Hausa, amma magana mai nauyi sai da Fulatanci yake karɓarta. Ya juyo gare ni.

"Kai ɗan boko, me suka ce na zama?"

Na ji tsoron in ƙara ko in rage. Na tuna malaminmu ya ce farkon kalmar ciyaman a Turanci kujera yake nufi. Sai na ce masa da Fulatanci, "Bappa, mai zama a kujera."

Ya kalli ƙafafunsa.

"Wato na tsufa. To, ku ba mai ciwon gwiwa."

Aka kwashe da dariya, an ɗauka wasa yake. Ya kaɗe rigarsa ya tafi. Aka ba wani muƙamin.

Daga ranar bai sake shiga kwarin ba. Mutane suka ce girman kai ne, shi kuwa yana ganin sallamarsa aka yi. Sau biyu na je zaurensa in gyara maganata, sau biyu na gaishe shi kawai na fito. Damina biyu bayan haka ya rasu.

Har yau ban san ko fassarata ce ta zaunar da shi ba, ko da ma gwiwar ta fara ciwo ya ɓoye mana. Idan cikin masu karatu akwai wanda ya halarci taron nan, ko wanda Bappa ya taɓa yi wa zancen, don Allah ya sanar da ni. Masu jin harsunan biyu kuma ku gaya mini, wace kalma ya kamata in faɗa masa?