Hannun Hagu a Aji Biyu

Sunan da yara suka laƙa mata shi ya bi ta har ta ajiye aiki: Malama Sake. Kalmar ce ba ta barin bakinta. Yaro ya karanta layi ya yi tuntuɓe, ta ce, "Sake." Ya karanta daidai amma da gudu kamar an biyo shi, ta ce, "Sake." Hatta mijinta, wanda tela ne, in ya ɗinka mata riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, tun kafin ta buɗe baki yake cewa, "Na ji, Malama, za a sake."

Shekara ashirin da shida tana riƙe da aji biyu a firamaren da ke bayan kasuwa, ajin ƙarshen baranda, mai tagar da ba ta rufuwa sai an ɗaure ta da waya. Malamai gudun aji biyu suke yi. A nan yaro yake kama karatu, in kuwa ya wuce bai kama ba, da wuya ya waiwayo ya same shi. Ita ko za a haɗa mata da kujerar hedimasta ba za ta ba da ajin nan ba.

Dabararta ba ta da suna, kuma ba ta da kyan kallo. Kowace safiya kafin sabon darasi, minti goma sha biyar na tambaya ne: abin jiya, abin makon jiya, da guda ɗaya daga watan da ya wuce. Ba a ɗaga hannu a ajinta. Takan ce mai ɗaga hannu ya riga ya sani, ita wanda ya sunkuyar da kai take nema. Kowane yaro da ɗan allonsa da alli, ya rubuta amsa, ta ce, "Ku nuna," a ɗaga alluna gaba ɗaya, ta bi su da ido layi-layi. Ranar Alhamis kuma ɗaya bayan ɗaya suke zuwa gaban teburinta, kowa ya karanta layi uku da bai taɓa gani ba, ta yi alama a wani littafi mai baƙin bango. Littafi ɗaya kowace shekara, duk suna cikin kwali a ƙarƙashin gadonta. Duk wanda ka buɗe, a cikin yara hamsin da ɗoriya, waɗanda suka fita ba su iya karatu ba ba su wuce biyar ko shida ba.

A shekara ta ashirin da bakwai aka kira malamai taron bita. Mai koyarwar saurayi ne mai fara'a, da kwat a cikin zafin da ake yi, shi ya sa kafin azahar malamai sun sa masa Mai Kwat. Ya ce an gano yara kashi uku ne: 'yan ido masu koyo da gani, 'yan kunne masu koyo da ji, da 'yan hannu masu koyo da taɓawa. A ware su, a ɗaura wa kowane kashi kirtani mai launinsa a wuyan hannu, a koyar da kowa ta ƙofarsa. Ya ce aji mai rai shi ne wanda ake motsi, ana tafi, hannaye suna sama. Ya raba wata takarda da sufeto zai riƙa ba da maki da ita. Malama ta karanta ta daga sama har ƙasa. Akwai gurbin yawan hannayen da aka ɗaga, da na hotunan bango, da na zaman rukuni. Babu gurbin yara nawa ne suka iya karatu.

Ta miƙe, ta gyara mayafi. "Yallaɓai, tambaya gare ni. A ina aka gwada wannan? Yara nawa suka iya karatu da kirtanin, nawa suka iya ba shi?"

Mai Kwat ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsohuwa in ta tambayi yadda ake kunna waya. "Mama, duniya ta ci gaba. Bincike ne ya nuna."

"Wane binciken?"

"Bincike dai."

Ɗakin ya ɗauki dariya, ita aka yi wa, ba shi ba. Ta koma ta zauna.

Da sufeto ya zo, ya tarar da aji shiru, yara sun duƙufa a kan alluna, ba kirtani, ba hannu ko ɗaya a sama. Ya ba ta talatin da ɗaya cikin ɗari, ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Hedimasta ya kira ta ofis. Shi ma tsohon ɗalibinta ne na aji biyu, ita ta koya masa bambanta "ba" da "da" yana sharar majina, don haka bai iya kallon idonta ba. Ya ce, "Mama, nan da mako uku zai dawo. Duk wanda bai kai sittin ba, an ce a cire shi daga aji. Sito za a kai ki, wurin karyayyun bencina."

"To ka faɗa musu yarana suna karatu. Ga littafina."

"Ba su tambayi littafi ba, Mama." Ya tashi ya tura ƙofa, ya rage murya. "Ki yi yadda kowa yake yi. Ki gaya wa yara, in kin yi tambaya kowa ya ɗaga hannu. Wanda ya sani ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Ke kuma sai ki kira na dama. Awa ɗaya ce fa. Ki rufa mana asiri, ki rufa wa kanki."

Ta ce masa ba da ita ba, ta fita. A gida ta kwashe labarin ta gaya wa tela, tana jiran ya taya ta faɗa. Bai ɗago daga kan keken ɗinki ba ya ce, "In aka kai ki sito, wa zai karɓi ajin? Wannan yaron malamin da ke barci a ƙarƙashin bishiya? In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ki yi musu rawar awa ɗaya, ki koma kan aikinki."

Maganar ta shige ta, don tana da ƙamshin gaskiya. Tsoron sito ma ya shige ta, wannan kuwa ba ta gaya wa kowa ba.

Ana saura kwana uku ta ɗaura wa yara kirtani, ta manna hotuna, ta juya bencina suka fuskanci juna. Sannan ta tsaya a gaban allo ta faɗi abin da ba ta taɓa zaton zai fito daga bakinta ba. "Wanda ya sani, dama. Wanda bai sani ba, hagu. Na yi muku alkawari ba zan kira mai hagu ba."

A bencin gaba akwai wata 'yar mitsitsiyar yarinya, 'yar mai gawayi, kullum da baƙi a farcenta. Ta fara haɗa baƙaƙe ke nan, tana ja da ƙyar kamar mai jan guga, kuma a lissafin Malama wata biyu suka rage ƙofar ta buɗe mata. Ita ce ta ce, "Malama, ko ban sani ba in ɗaga?"

"Ki ɗaga."

"Ba ƙarya ba ce?"

"Ki ɗaga kawai, na ce."

Ranar da sufeto ya dawo, tare da Mai Kwat ya zo. Kowace tambaya ta yi, hannaye hamsin da bakwai su tashi kamar an ja su da zare ɗaya. Duk wanda ta kira ya ba da amsa daidai. Mai Kwat ya rasa inda zai sa kansa don murna, ya fito da waya ya ɗauki hoto. Maki casa'in da huɗu aka ba ta. Hedimasta har da rungume sufeto.

Ajinta ya tsira, ta ce a ranta, gobe sai a kwance kirtani a koma aiki. Ashe kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mako bai zagayo ba takarda ta iso cewa an zaɓi aji biyu ya zama ajin koyi. Malamai daga wasu makarantu za su riƙa zuwa kallo, Talata da Alhamis. Alhamis ɗin da take sauraron karatun yara ɗaya-ɗaya ita ta fara tafiya. Litinin da Laraba suka koma ranakun shirin baƙi. Minti goma sha biyar na safe ya koma biyar, daga baya ya ɓace. 'Yar mai gawayi, da yake kirtanin 'yan hannu aka ɗaura mata, ta ƙare shekarar tana yanka baƙaƙe da almakashi a jikin kwali, kyawawa kuwa, ba ta san abin da suke cewa ba.

Yara kuma ba wawaye ba ne. Sun gane hannun hagu inuwa ce, duk wanda ya shiga ba ruwansa da rana. Ko ranar da babu baƙi, ta yi tambaya sai ta ga hagu sun tashi, ana kallonta ana murmushi. Sau da yawa bakinta ya buɗe zai kira ɗaya daga cikinsu, sai ta tuna gobe akwai baƙi, kuma in yara suka daina yarda da alkawarin, wasan ya watse.

A ƙarshen shekara ta zaunar da su ta gwada su da layi uku, yadda ta saba. Ashirin da biyu ne suka karanta. Ta kai wa hedimasta littafin, ya duba, ya rufe, ya tura mata a hankali. "Mama, ki mayar da shi gida. In wannan ya fita, ni da ke ne za mu yi bayani."

A bitar shekara mai zuwa aka raba wani ɗan littafi mai sheƙi. A bangonsa ga ajinta, ga taga mai waya, ga hannaye a sama. Mai Kwat ya ɗaga shi ya nemo ta da ido a cikin taro. "Mama, bara kin tambaye ni a ina aka gwada. To ga hujja. A ajinki aka gwada."

Aka yi tafi har da masu miƙewa. Ita tana zaune tana ƙirga hannayen hagu a hoton. Talatin da huɗu ta samu, kuma na 'yar mai gawayi ya fi na kowa tsawo, har ta ɗan tashi daga benci. Littafinta mai baƙin bango yana cikin jakarta a kan cinya. Da ta miƙe ta buɗe shi, da an ji. Ba ta miƙe ba. Wannan zaman shi ne abin da ba ta yafe wa kanta ba, ya fi mata ciwo a kan ƙaryar farko. Makarantu goma sha tara suka ɗaura kirtani saboda hoton nan, ita kuma ta ƙara shekara huɗu tana yi wa baƙi wasa kafin ta ajiye aiki.

Bayan wasu shekaru wata matashiyar malama, maƙwabciyarta, ta shigo da zumuɗi ta ce an yi sabuwar bita. An ce zancen 'yan ido da 'yan kunne da aka bincika ba a samu hujjarsa ba, a kwance kirtani. Sabon salo yanzu shi ne a riƙa tambayar yara abin jiya da na makon jiya kowace safiya, kowa ya rubuta a ɗan allo ya nuna. Har da wani dogon suna aka ba shi. Ta ce, "Mama, da kina aiki da kin ga ci gaba." Malama ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ihu ne bayan hari.

Rannan tana zaune a bencin asibiti tana jiran a auna mata jini, wata mata mai goyo ta matso kusa da ita da kwalbar magani a hannu. "Mama, don Allah duba mini, nawa aka ce in ba shi? Sun faɗa da sauri ban riƙe ba." Sai ta ƙura mata ido, fuskarta ta washe. "Malama Sake? Ba ki gane ni ba?" Ta ɗaga hannun hagu sama tana dariya, har ta ɗan tashi daga benci. "Ni ce ta gaba a hoton nan."

Malama ta karɓi kwalbar. Rubutu ne da manyan baƙaƙe, layi biyu, yaron aji biyu zai karanta shi. Ta ce, "Rabin cokali, sau uku a rana, bayan ya ci abinci. Faɗa in ji."

"Cokali ɗaya, sau uku."

"Sake."

"Rabin cokali." Matar ta ƙyalƙyale da dariya, ta gyara goyonta. "Wallahi kina nan yadda kike. Kullum ina ba mijina labarinki, Malama. Duk malaman da na yi, ke kaɗai ce ba ki taɓa kunyata ni a gaban mutane ba. Kin ce ba za ki kira mai hagu ba, kuma har na bar ajinki ba ki kira ni ba ko sau ɗaya."

Aka kira lambar Malama daga ciki. Ba ta tashi ba, kwalbar tana hannunta, sai da aka sake kira.