Ba Za Ka Sa Mini Ɗa Cikin Ƙasa Ba

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, ɗinki ne sana'ata a kasuwar Dakoro, kuma ina tsoron abin da baki ya furta ya tabbata. Amma abin yana kumbura kullum, shirun da nake yi bai hana shi ba.

Ƙanena ya tafi arewa, wurin haƙar zinariya, can gaba da Agadas. A shekararsa ta farko ya aiko wa Inna da tabilet ta hannun wani direba, don ta riƙa jin muryarsa. Idon Inna ya yi rauni, ni ke latsa mata saƙonnin murya, waɗanda muke ce wa vokal. Ana nan sai saƙo ya yanke. A na ƙarshe iska tana kaɗawa, yana dariya, yana cewa, "Inna, gobe za mu sauka sabuwar rijiya, a sa mu addu'a." Rijiya suke ce wa ramin zinariya. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ba mu ƙara jin komai ba.

Inna ba ta yi kuka ba. Kowace safiya bayan salla sai in kunna mata tsofaffin saƙonnin, ta amsa gaisuwarsa kamar yanzu ya yi ta. Ba ta taɓa cewa a cika batirin tabilet ba. Cewa take, "Ya ci?" In na ce bai ci ba, ita ma furarta tana nan rufe.

Sai bakin tabilet, inda ake soka wayar wuta, ya fara gardama. Da farko sai na karkata wayar, na tokare ta da ƙwaryar zare. Daga baya ko an tokare ba ya karɓa. Na ɗauke shi na kai wa taubashina, ɗan kawuna, mai gyaran salula kusa da tasha.

"Sarkin tsoro! Yau kuma mi ya mutu?"

"Bar faɗin haka, don Allah. Ba ya cin wuta ne."

Ya leƙa ramin da ƴar fitila, ya yi tsaki. "Haƙoran bakin duk sun zube, ya fi kakarmu wawulo. Irin wanga baki ko Maraɗi ba ka samu nai. Sai dai mu yi mishi ɗure."

Ya ɓalle bayan, ya liƙa wayoyi biyu a jikin batir, ja da baƙa, ya fito da su waje ta gefe. Ya nuna mini yadda zan maƙala su a sharjer ɗin nan mai ƙarafa biyu da ake cika batirin ƙananan salula da shi. Sannan ya daina dariya.

"Ja wurin ja. In ka juya su, shi ke nan. Kada ka bar shi shi kaɗai, in ya yi zafi ka cire. Ka ji ni ko?"

Na ji shi fiye da yadda ya so. Tun ranar, da rana nake yi masa ɗure a shago, ƙafa kan keken ɗinki, tafin hannun hagu kan tabilet. Na ɓata wuyan riguna ba adadi. Nakan cire wayar, in mayar, in sake cirewa in duba ko ja ce a wurin ja.

Wata rana tafin hannuna ya ji tudu a inda da can yake sumul. Batirin ya fara kumbura. Cikin ƴan makonni ya ɗaga gilashin har farce yana shiga, kuma in ka kai hanci akwai wani wari mai zaƙi-zaƙi, kamar mangwaro ya fara ruɓa. Na koma wurin taubashina. Wannan karon bai kira ni da sunan tsokana ba.

"Yaya, abin ga wuta ce kwance. Ka kwashe muryar ka jefar da shi."

Muka gwada. Kumburin ya kashe saman gilashin, inda alamar tura saƙo take, ko ka danna ba ya ji. Ƙasa kawai ke amsawa, inda ake kunnawa. Wayar da za a zuƙe saƙonnin da ita kuwa ta bakin nan za ta bi. Sabon batiri irinsa bai samu ba. Ya ce dabara ɗaya ta rage masa, in kunna muryar in ɗauka da salulata. Na rufe shago na ɗauka a tsanake, na kai wa Inna.

Ta saurara har ƙarshe, ta ture hannuna.

"Wannan ba shi ba ne. Wannan daga cikin rijiya yake magana."

Wanda ya san rijiyoyin ƙasarmu, da yadda guga ke daɗewa kafin a ji ya taɓa ruwa, ya san abin da na ji a ƙirjina. Na sake saurare ni kaɗai. Gaskiyarta. Muryar ta yi nisa, ta yi amo. Na goge, ban ƙara gwadawa ba.

Inna tana kwana da tabilet ƙarƙashin matashinta, a ɗaki mai rufin kara. Taubashina ya ce ko ba komai a riƙa ajiye shi cikin yashi, nesa da mutane. Na samo tsohuwar tukunyar ƙasa, na cika ta da yashi, na kawo ƙofar ɗakinta. Ta lalubi tukunyar, ta cusa hannu, ta ji yashin.

"Na mene ne?"

"Na ajiye tabilet ne, Inna. Don zafi."

Ta zare hannunta daga tukunyar. Sannan a hankali ta ce, "Ina raye ba za ka sa mini ɗa cikin ƙasa ba."

Tukunyar tana nan bakin ƙofa, kaji na birgima a yashin. Na dawo da shimfiɗata kusa da ɗakinta, da bokitin yashi a gefe. In na daina ɗuren, muryar ta ɗauke, kuma na san furar Inna za ta kwana rufe. In na ci gaba, tudun yana ƙaruwa. Jiya farce ne ke shiga ƙarƙashin gilashin, yau ƙaramin yatsana ya shiga. Da safe ta tambaye ni, "Ya ci?" Na ce ya ci.

Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan. In ka san hanyar fitar da murya daga tabilet mai mataccen baki, ta fito yadda take, ba amon rijiya, ka taimake ni tun bai fashe ba. Kuma in kana cikin masu dawowa daga ramukan arewa, ka ji labarin wata sabuwar rijiya da ƴan Dakoro suka sauka, ka zo layin teloli ka tambayi mai ɗinki da hannu ɗaya. Ko mene ne labarin, ni za ka faɗa wa. Kada ka bi ta gida.