Maganin Inna da Ba a Rabawa

A garinmu, in ka samu maganin da ya karɓe ka, sai ka ɗiba wa mai irin ciwonka. Innata kuwa ta fi kowa wannan hali.

Da ciwon daji ya kama ta a huhu, ni na riƙa kai ta asibiti a Kano daga Doguwa. Suka ciri ɗan nama suka aika gwaji. Likitar, wata mata mai haƙuri, ta zaunar da mu ta ce daji ba iri ɗaya ba ne. Na Inna, wata ƙwayar halitta ce ta gurɓace, irin wadda aka daɗe ana nema mata magani ana kasawa. Yanzu an samu wanda yake bin wannan gurɓatar kaɗai. Wanda nasa ba irin wannan ba ne, in ya sha, ya sha banza.

Inna ta fara sha. Tari ya lafa, har ta koma tsince wake a tsakar gida. Wallahi sai da na yi kukan murna.

Ko sati uku ba a yi ba na ga kwalbar maganin da ya kamata ya kai wata guda ta kusa ƙarewa.

"Inna, ina maganin?"

Ta sunkuyar da kai. Ashe rabawa take da aminiyarta, wata Bafulatana daga rugar bakin Falgore, wadda ta shekara talatin tana sauke ƙwaryar nono a gidanmu. Ita ma dajin ne, a mama.

Raina ya ɓaci. Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. "Haba Inna! Kashe kanki za ki yi? Ba ki ji likita ba?"

"Na ji ta sarai," in ji ta. "To ke faɗa mini, yaya zan haɗiya tana kallona?"

Na kai baiwar Allah Kano ita ma. Sakamako ya fito, nata ba irin na Inna ba ne. Aka ɗora ta a kan wani maganin, bai yi mata wani abin kirki ba.

Inna ta daina rabawa, da ƙyar. Amma duk ranar da aminiyar ta zo, tana ta ramewa, sai Inna ta zagaya bayan rumbu da kofin ruwa ta haɗiye ƙwayarta. Sannan ta dawo ta zauna kusa da ita tana ƙaƙaro tari, don kada aminiyar ta gane Inna kaɗai ce take samun sauƙi.